Shekara tara kafin kofin farko: fashin baƙi kan tafiyar koci Dawn Staley

Ranar 7 ga Afrilu 2024, a birnin Cleveland na Amurka, 'yan matan Jami'ar Carolina ta Kudu suka doke na Jami'ar Iowa da maki 87 da 75 a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in ƙasar. Wasa 38 suka buga a kakar, ba su faɗi ko ɗaya ba. Kusan mutum miliyan 19 ne suka kalli wasan a talabijin, kuma karo na farko ke nan da wasan ƙarshe na mata ya fi na maza 'yan kallo. Matar da ke tsaye a bakin fili, hawaye na zubo mata bayan an tashi, ita ce Dawn Staley. Wanda ya fara saninta a wannan rana zai zaci tun fil azal a sama take. Amma kakarta ta farko a wannan jami'a, wasa 10 ta ci, aka doke ta a 18. Tsakanin waɗannan alkaluma biyu ne labarin aikin koci a jami'ar Amurka yake.

Sai an fahimci tsarin kafin a fahimci matar. A Amurka wasan jami'a ba wasan motsa jini ba ne na bayan lacca. Hukumar NCAA ce ke kula da shi, kuma a rukuninta na farko kaɗai akwai ƙungiyoyin ƙwallon kwandon mata sama da 350, an kasa su shiyya-shiyya. Ana fara kaka a Nuwamba, kowace ƙungiya ta buga wasa wajen 30, sannan a watan Maris a tace 68 su shiga gasar ƙasa, wadda duk aka doke sau ɗaya ta tattara ta koma gida. Ga kuma abin da ya bambanta mata da maza: 'yar wasa Ba'amurkiya ba ta shiga gasar ƙwararru ta WNBA sai a shekarar da za ta cika 22 ko ta kammala karatu. Saboda haka yarinya takan yi shekara huɗu a jami'a, kuma a waɗannan shekaru koci ce uwa, ita ce malama, ita ce mai yanke hukunci kan minti nawa za ta buga.

Kujerar kanta ba ta daɗe da yin daraja ba. A 1972 aka kafa dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, wasanni na ciki. Lokacin da Pat Summitt ta karɓi ƙungiyar Jami'ar Tennessee a 1974 tana da shekara 22, dala 250 ake biyanta a wata, ita ke wanke rigunan 'yan wasa, ita ke tuƙa motar da ke kai su wasa. Ta bar aikin a 2012 da nasara 1,098 da kofin ƙasa takwas. Sai dai dokar ta zo da abin da ba a yi tsammani ba. Kafin kuɗi su shigo, sama da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su. Da albashi ya gyaru, maza suka fara neman kujerun, har adadin mata ya sauko ƙasa da rabi idan aka haɗa dukan wasanni. A ƙwallon kwando mata sun fi riƙe matsayinsu, amma duk da haka wanda ya fi kowa cin kofi namiji ne, Geno Auriemma na Jami'ar Connecticut, mai kofi 12. Ba na faɗin wannan don rage masa daraja, ya yi aikinsa tun 1985. Ina faɗa ne don a san cewa mace da ke neman wannan aiki da maza da mata take takara, alhali kujerun ƙungiyoyin maza kusan a rufe suke gare ta.

Hanyar da aka saba bi doguwa ce. Yarinya ta gama buga wasanta, sai ta zauna a matsayin ƙaramar mataimakiya tana karatun digiri na biyu, ana biya mata kuɗin makaranta da ɗan abin kashewa. Daga nan ta koma mai tace bidiyon wasannin abokan hamayya, ko mai kula da tafiye-tafiyen ƙungiya, wato tikitin jirgi, ɗakin otal, abinci da jadawalin atisaye. In an yarda da ita sai ta zama cikakkiyar mataimakiya, a ɗora mata farautar sababbin 'yan wasa. Bayan shekaru, wata ƙaramar jami'a ta ba ta shugabancin ƙungiya, in ta yi abin a zo a gani a can, sannan manyan jami'o'i su waiwaye ta. Kim Mulkey, wadda ta ci kofin ƙasa uku da Jami'ar Baylor da ɗaya da Jami'ar Jihar Louisiana (LSU), shekara 15 ta yi tana mataimakiya a Louisiana Tech kafin ta samu ƙungiyar kanta a 2000.

A wannan shekarar ta 2000 Staley ma ta fara, amma ita ba ta taka ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai ba. An haife ta a 1970, ta tashi a rukunin gidajen talakawa na Raymond Rosen da ke arewacin Filadelfiya, inda ta koyi wasa a filin unguwa tare da yara maza. Ba ta da tsawo a ma'aunin wannan wasa, don haka ta zama mai raba ƙwallo, wadda ke tsara kai hari, kuma wannan matsayi ne da ke koya wa mutum kallon fili gaba ɗaya. A Jami'ar Virginia, daga 1988 zuwa 1992, sau uku tana kai ƙungiyarta matakin huɗun ƙarshe. A 1991 Tennessee ta Pat Summitt ta doke su a wasan ƙarshe bayan ƙarin lokaci, amma duk da haka ita aka zaɓa gwarzuwar gasar. Da ta gama babu gasar ƙwararru ta mata a Amurka, sai ta fita neman abinci a Faransa, Italiya, Birazil da Sifaniya. Ta dawo ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta, ta ƙara a 2000 da 2004, kuma a ta 2004 ita ta riƙe tutar Amurka a bikin buɗewa.

Lokacin da daraktan wasanni na Jami'ar Temple da ke Filadelfiya, Dave O'Brien, ya neme ta, ba ta son aikin. Ta sha faɗa cewa ba ta taɓa mafarkin zama koci ba, kuma da farko ƙi ta yi. Ya juya mata maganar zuwa ƙalubale, ko za ta iya shugabanci, ko za ta iya tayar da ƙungiyar da ta daɗe a kwance, sai ta karɓa. Ko shekara 30 ba ta cika ba a lokacin, kuma ba ta ajiye takalminta ba. Shekara shida ta yi tana haɗa aiki biyu: daga Mayu zuwa Agusta tana buga wa Charlotte Sting, daga baya Houston Comets, a WNBA, da sanyi ya shigo ta koma Filadelfiya ta ɗauki usur. Sai 2006 ta daina wasa.

Akwai masu cewa suna ne ya ba ta kujera, kuma da gaskiyarsu. Mataimakiyar da ta shekara goma tana kwana a mota tana bin gasannin 'yan sakandare tana da damar jin ciwo idan aka tsallake ta aka ɗauko tauraruwa. Amma suna ƙofa kawai yake buɗewa. Taurari da yawa sun zauna a irin wannan kujera sun tashi ba labari, domin wanda wasa ya zo masa da sauƙi yakan kasa gane dalilin da ya sa wani ke shan wuya. Staley ta kewaye kanta da mataimaka da suka fi ta sanin dokoki da takardu, ta kuma riƙa zama kusa da John Chaney, dattijon da ke horar da ƙungiyar maza ta Temple. A shekara takwas ta ci wasa 172, ta faɗi 80, ta ci kofin shiyyarsu sau huɗu, ta shiga gasar ƙasa sau shida. Ta kuma fitar da Candice Dupree, wadda aka ɗauka ta shida a zaɓen 'yan wasan WNBA na 2006.

To me ya sa ta bar garinsu? Domin a Temple akwai rufin da ba ta iya fasawa. Duk zuwanta gasar ƙasa ba ta taɓa wuce zagaye na biyu ba. Yarinyar da ta fi kowa a ƙasar ba za ta zaɓi matsakaiciyar shiyya ba alhali manyan jami'o'i na yi mata tayin wasa a talabijin kowane mako. Wannan ita ce mararrabar da kowace koci mai tasowa ke isowa: ko ta zauna inda ake sonta, tana cin wasa 20 a shekara har ta yi ritaya, ko ta tafi inda za a iya cin kofi, a kuma iya korarta cikin shekara huɗu. A Mayun 2008 Staley ta koma Carolina ta Kudu, jihar da iyayenta suka fito, ta shiga shiyyar SEC inda Tennessee ke sarauta.

A nan nake so mai karatu ya tsaya, don a ganina nan ne zuciyar al'amarin. Kaka ta farko, nasara 10 da faɗuwa 18. Ta biyu, 14 da 15. A ƙarshen wannan kaka ta biyu Kelsey Bone, babbar 'yar wasan da ta yi nasarar jawowa daga Texas, wadda aka ɗora wa buri, ta tattara ta koma Jami'ar Texas A&M. Ta uku, 18 da 15, har lokacin ba gasar ƙasa. Zauren wasan jami'ar na ɗaukar mutum 18,000, amma kujerun da babu kowa sun ninka masu mutane nesa ba kusa ba. Mace ce da ta saba da zinare, ga ta tana koyar da abin da take ganin kowa ya kamata ya sani. Ita da kanta ta yarda daga baya cewa dole ta sauya yadda take magana da 'yan wasa, don ba kowace yarinya ce ta ɗauki ƙwallo a matsayin rayuwa kamar yadda ita ta ɗauka ba. Sai a kaka ta huɗu, 2012, ta ci wasa 25 ta kai zagayen 'yan 16. Da shugabannin jami'ar sun gaji a shekara ta uku, da yau ba wannan labarin ake ba.

Abin da ya juya lamarin ba sabon salon kai hari ba ne. Farautar 'yan wasa ce, kuma a gida ta fara. Da ɗan gari kan ci gari. Carolina ta Kudu na fitar da 'yan mata masu hazaƙa, amma da sun gama sakandare sai su tsallaka wasu jihohi. Staley ta dage sai ta tsare ƙofar gida: ta samu Aleighsa Welch, ta samu Alaina Coates, sannan a 2014 ta samu A'ja Wilson, wadda ake lissafawa ta ɗaya a ƙasar baki ɗaya, 'yar garin Hopkins da ke dab da jami'ar. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka kiran waya ne. Shekaru ake yi ana bin yarinya tun tana ƙaramar sakandare, ana zama a wasanninta, ana ziyartar gidansu a ranakun da doka ta yarda, ana amsa tambayoyin uwa da uba da kaka. Abin da koci ke da shi a hannu shi ne gurbin karatu kyauta, wanda aka daɗe da ƙayyade shi a 15 ga kowace ƙungiya, da kuma alkawarin cewa za a riƙe musu 'ya amana. Iyaye ba tsarin tsaron gida suke tambaya ba. Suna so su san wa zai ɗaga waya idan 'yarsu ta kira da tsakar dare.

Sai kuma 'yan kallo. Staley ta riƙa tsayawa bayan wasa tana gaisawa da mutane, tana amsa su a shafukan sada zumunta, tana ɗaukar su kamar dangi. Daga 2015 jami'arta ta zama ta ɗaya a yawan masu shiga kallon wasan mata a ƙasar, ta kuma riƙe matsayin shekara da shekaru. Wannan ba ado ba ne. Cikakken zaure ne ake nuna wa yarinyar da ta zo ziyara, kuma shi ne hujjar da koci ke ajiye wa daraktan wasanni a tebur ranar da ake maganar kasafi.

Daga nan abin ya tafi da sauri. Huɗun ƙarshe a 2015. Kofin farko a 2017 a Dallas, inda suka doke Mississippi State 67 da 55, a kakarta ta tara. A 2020 suna kan gaba a ƙasar da nasara 32 da faɗuwa ɗaya annobar korona ta sa aka soke gasar. A 2022 suka doke Connecticut 64 da 49, karo na farko da Auriemma ya faɗi a wasan ƙarshe. A 2023 Iowa ta fitar da su a kusa da na ƙarshe, dukan 'yan wasa biyar da ke fara mata wasa suka tafi, ta sake gini ta ci kofin 2024. A 2025 Connecticut ta rama, 82 da 59.

Kuɗi ma sun biyo baya, amma sai da ta nema. A Oktoban 2021 ta sa hannu a kwantiragin shekara bakwai na dala miliyan 22.4, bayan ta tsaya kan cewa babu dalilin da zai sa a biya ta ƙasa da kocin maza na jami'ar alhali ta fi shi nasara. A farkon 2025 aka sabunta shi zuwa kimanin dala miliyan 4 a shekara, mafi tsoka a wasan mata na jami'o'i a lokacin. A tuna cewa a wannan shekarar ta 2021 ne wata 'yar wasan Oregon, Sedona Prince, ta ɗauki bidiyon ɗan tarin ƙarafan motsa jiki da aka ajiye wa mata a gasar San Antonio, aka kwatanta da katafaren zauren da aka shirya wa maza. Abin ya tayar da ƙura har NCAA ta sa aka yi bincike, kuma Staley na cikin waɗanda suka fito suka yi magana da kakkausar murya. Koci a wannan mataki ba ta da zaɓin yin shiru ta tsaya ga ƙwallo kawai.

Abin da ke damuna shi ne, haƙurin da ya gina Staley yana ƙaranci. A da, 'yar wasan da ta sauya jami'a sai ta zauna shekara guda ba ta buga ba. Allisha Gray da Kaela Davis, waɗanda suka taimaka aka ci kofin 2017, duk sun yi wannan zaman. Daga 2021 aka sassauta dokar, aka kuma halatta wa ɗalibai samun kuɗi da sunansu da hotonsu ta hanyar talla. A 2025 wata kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekara ga dukan wasannin makaranta. Adalci ne, yaran da ke cika zaure sun cancanci rabonsu, kuma in koci na da 'yancin barin aiki duk ranar da ta ga dama, babu hujjar ɗaure ɗaliba. Amma aikin ya sauya kama. Yanzu kowace shekara sai koci ta sake zawarcin 'yan wasanta na gida. Staley ta ci moriyar tsarin, don Kamilla Cardoso daga Syracuse ta zo, Te-Hina Paopao daga Oregon. Ta kuma ɗanɗana ɗacinsa a 2025, lokacin da MiLaysia Fulwiley, haifaffiyar garin da jami'ar take, ta koma LSU wurin Mulkey. In babbar jami'a na rasa irin wannan, ƙaramar koci da ta gano yarinya ta raine ta shekara biyu fa? Da ta fara haske za a zo da tayin da ba ta iya tararwa. Shugabanni kuma sun samu sabuwar hujja: tunda ana iya haɗa ƙungiya cikin wata biyu, me zai sa a jira shekara huɗu?

Mu a nan mun ga ɗaya gefen wannan tsani da idonmu. Rena Wakama, wadda aka haifa a Carolina ta Arewa, iyayenta 'yan jihar Ribas, ta buga wasa a Jami'ar Western Carolina, sannan ta bi doguwar hanyar: a Kwalejin Manhattan ta fara da kula da harkokin tafiyar da ƙungiya, daga baya ta zama mataimakiya, ta wuce Stony Brook, ta wuce Tulane, duk a matsayin mataimakiya. A 2023, tana da shekara 31, aka ba ta D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwandon matan Najeriya. Cikin 'yan makonni ta ci kofin Afirka a Kigali, mace ta farko da ta yi haka a matsayin koci. A Olamfik ta Paris a 2024 Najeriya ta doke Ostireliya da Kanada, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas, aka kuma zaɓi Wakama gwarzuwar koci ta gasar. Matar da duniya ta yaba wa haka, a Amurka kujerar mataimakiya take kai a lokacin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yawan masu iyawa da ke jiran a buɗe musu ƙofa. Staley kuwa ta san D'Tigress da kyau: ita ke jagorantar Amurka lokacin da suka haɗu da Najeriya a zagayen 'yan takwas na gasar duniya ta 2018, da kuma a Tokyo a 2021, inda aka tashi 81 da 72 kafin Amurka ta wuce ta ci zinare.

Akwai al'ada a wannan gasa: ƙungiyar da ta ci kofi takan hau tsani ta yanke ragar kwandon, kowa ya ɗauki ɗan zare. Carolyn Peck, baƙar fata ta farko da ta ci kofin a matsayin koci, da Jami'ar Purdue a 1999, ta ba Staley wani yanki na ragarta a 2015, da sharaɗin ta riƙe har ranar da za ta yanke tata. Staley ta ajiye shi a jakar kuɗinta shekara biyu. Shekara 18 ne tsakanin kofin Peck da nata, babu wata baƙar mace da ta ci a tsakani. A ƙarshen 2021 ta yayyanka ragarta ta 2017, ta aika wa matan baƙaƙen fata da ke shugabantar ƙungiyoyi a rukunin farko, su wajen 70, kowacce da ɗan zarenta da wasiƙa.